Wata bakwai ina ɗaga ƙarfe jikina ya ƙi murɗewa, in sayi gari ne ko in yi allura?

Wani matashi daga unguwar Kurna a Kano ne ya turo tambayar, ga ta a taƙaice. Shekararsa 22, nauyinsa kilo 58, wata bakwai kenan yana zuwa wajen ɗaga ƙarfe na unguwarsu, irin wanda ake haɗawa da siminti da rodi a kango. Kullum yana zuwa banda Juma'a, benci da damtse yake bugawa, amma har yau in ya saka riga ba mai cewa yana ɗaga komai, ga kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. Abokai sun ce ya sayi garin furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, wani kuma ya ce masa akwai ƙwaya da allura da za su fasa shi cikin wata ɗaya. Yana so a gaya masa wanne zai saya.

Toh ƙanena, kar ka sayi ko ɗaya tukuna, riƙe kuɗinka. Na daɗe ina horar da matasa a harkar nan kuma wallahi tun kafin na gama karanta saƙonka na san abin da zan tarar in na zo kangon naku, domin kusan duk kangon ɗaga ƙarfe a garin nan abu ɗaya ake yi, daga Kurna har Ɗorayi har Hotoro. Benci guda ɗaya na walda, samari goma sun kewaye shi, kowa ya kwanta ya tura har sai ya gaji, ya tashi ya ɗauki sandar damtse yana lanƙwasa baya yana wurgo ta sama, ya je gaban fasasshen madubi ya duba, shikenan an gama na yau. Gobe ma haka. Tambayar da zan maka ita ce, nauyin da kake turawa a benci yau, kilo nawa ne, kuma wanda ka tura wata uku da suka wuce kilo nawa ne? In amsarka "wancan babban dai" ce, ko kuma duk ɗaya ne, to mun gano ciwon.

Tsoka ba ta girma don ka gaji ko don ka yi gumi. Tana girma ne idan ka ɗora mata aikin da ya ɗan fi wanda ta saba, sannan ka ba ta abinci da hutu ta gyara kanta ta dawo da ɗan ƙari. Kamar kantar hannu ce, wanda ya fara riƙe fartanya tafinsa zai yi kauri daidai da aikin, daga nan ya tsaya, ba zai ƙara kauri ba sai aikin ya ƙaru. Kai wata bakwai kana ba jikinka aiki iri ɗaya, ya riga ya saba tun wata na biyu, me zai sa ya ƙara nama? Wannan magana ba sabuwa ba ce. Wani likitan sojan Amurka mai suna Thomas DeLorme tun 1945 ya riƙa farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na biyu ta hanyar ƙara musu nauyi kaɗan kaɗan, kuma tsarin nan da kake ji na zagaye uku sau goma goma, wato ka ɗaga sau goma ka huta har karo uku, daga aikinsa ya yaɗu. Duk wani tsari mai kyau da ya zo bayan nan a kan ƙari yake tafiya.

Don haka abu na farko da za ka saya littafi ne, ɗan ƙaramin nan na 'yan firamare, da biro. Na biyu kuma ku auna ƙarafunanku. Ku ɗauki duk wani curin siminti da faifan mota da kuka jido daga Ƙofar Ruwa ku kai wajen mai sayar da gas ko mai awon hatsi da ke da sikeli, a ɗora, ku rubuta nauyin kowanne a jikinsa da fenti. Za ka sha mamaki, sau da yawa curi biyu da aka zuba a gwangwani iri ɗaya sai kaga ɗaya ya fi ɗaya da kilo ɗaya ko biyu saboda yawan tsakuwa, kuma ba mamaki wannan na cikin abin da ke cin kafaɗarka ta dama. In za ku zuba sabo, siminti da ya bushe yana yin kusan kilo 2.4 a kowace lita, kenan bokitin fenti mai lita 4 zai ba ka wajen kilo 9 zuwa 10. Ku zuba ƙanana ma, na kilo ɗaya da na kilo biyu a gwangwanin madara, su ne suka fi amfani kuma su ne ba a taɓa samu a kango, kowa babba yake so ya zuba. A jim, wato gidan motsa jiki na zamani, sandar nan doguwa kilo 20 ce ita kaɗai, a lissafa da ita.

Yanzu maganar me za ka ɗaga. Ƙirji da damtse da kake ta fama da su ƙaramin kaso ne na naman jikinka. Manyan tsokoki suna cinya da ɗuwawu da gadon baya, kuma faɗin da kake so a gani a cikin riga, baya da kafaɗa ne ke kawo shi fiye da ƙirji. Mutum mai kilo 58 da ba ya taɓa ƙafa ba ya taɓa baya ya bar fiye da rabin jikinsa yana zaune. Na san dalilin, ƙafa wahala gare ta, kwana biyu kana tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya, kuma ba wanda ke ganin cinya a cikin wando. Amma dai sai ka yi.

Motsi shida sun ishe ka shekara guda cur. Sikwat, wato ka ɗora sanda a bayan kafaɗa ka tsuguna ka miƙe. Dedlif, ɗaga nauyi daga ƙasa ka miƙe da shi baya a miƙe. Benci da ka sani. Tura nauyi sama da kai a tsaye. Jan nauyi zuwa ciki kana sunkuye. Sai lilo a jikin ƙarfe kana jan kanka sama har haɓarka ta wuce. Ka raba su gida biyu, ranar farko sikwat da benci da ja a sunkuye, rana ta biyu dedlif da turawa sama da jan kai, kana musanya su. Kwana uku a sati kawai, misali Asabar, Litinin, Laraba, ko duk yadda ya dace da kasuwarka in dai akwai kwana ɗaya a tsakani. In ka gama manyan kana da sauran ƙarfi ka yi damtsenka zagaye biyu ko uku, ban hana ka ba, na san in na hana ma sai ka yi.

Na san za ka ce daga kwana shida a koma uku ai an rage. Eh an rage zuwa, amma kowace tsoka yanzu tana samun aiki a ƙalla sau biyu a sati ko kusa da haka, kuma tana samun kwana biyun da take buƙata ta farfaɗo. Ƙirjin da kake duka kullum bai taɓa samun wannan ba.

Kowane motsi zagaye uku, kowane zagaye sau 6 zuwa 12. Ka zaɓi nauyin da in ka kai ƙarshen zagaye kana jin saura ɗaya ko biyu ko uku ka kasa, nan ne wurin da tsoka ke jin kira. In ka ajiye alhali za ka iya ƙara goma, wasa ka yi. In kuma kullum sai an ɗage maka sanda daga ƙirji ana ihu "naka ne, naka ne" alhali mai taimakon ne ke ɗagawa, ka wuce gona da iri kuma ƙarya kake rubutawa a littafi. Tsakanin zagaye ka huta minti biyu zuwa uku a manyan motsi, ba laifi ba ne, ba ragwanci ba ne, wanda ya huta sosai ya fi ɗaga nauyi a zagaye na gaba. Yadda za ka ƙara kuwa mai sauƙi ne. A ce kana tura kilo 40 sau 8, 8, 7. Ka zauna a kan 40 ɗin kana ƙara adadi sati bayan sati har ka kai 12, 12, 12. Ranar da ka kai, ka ƙara kilo biyu ko biyu da rabi, adadin zai faɗo ya koma wajen 8, ka sake hawa. Sikwat da dedlif sun fi saurin ƙaruwa, da farko za ka iya ƙara musu kilo biyar. Dedlif kuma kar ka kai shi 12, ka tsaya a 5 zuwa 8, domin in mutum ya gaji bayansa ke fara lanƙwashewa. A sati, in kowace babbar tsoka ta samu zagaye kamar goma na gaske ya wadatar da mai farawa, waɗanda suka daɗe su ne ke hawa zuwa 15 ko 20.

Akwai bambanci tsakanin ƙarfi da girma, ko da yake suna tafiya tare. Mai neman zallar ƙarfi yana ɗaga nauyi mai yawa sau ɗaya zuwa biyar, jijiyoyinsa suna koyon kiran tsoka gaba ɗaya lokaci guda. Ka duba Yakubu Adesokan, ɗan Najeriya mai buƙata ta musamman da ya ci zinare a gasar Paralympics ta masu buƙata ta musamman a Landan a 2012, yana ajin masu kilo 48 amma ya tura kilo 180 a benci. Ko ka je Dawanau ka tsaya ka kalli 'yan dako, wani siriri ne kamar ka ture shi amma zai saɓi buhun masara ya hau katako da shi ya shiga tirela. Wannan ne ma ya sa a satuttukan farko za ka ga nauyin da kake ɗagawa yana tashi da sauri alhali madubi bai nuna komai ba, jiki ne ke koyon aikin. Naman da ido zai gani sai an yi wata biyu zuwa uku. Kuma in komai ya tafi daidai, mai farawa yana samun kamar rabin kilo zuwa kilo ɗaya na tsoka a wata a shekarar farko, daga nan abin ya ragu sosai. Duk wanda ya ce maka wata ɗaya za ka fashe, ko ruwa zai tara maka ko kitse. Masu zuwa mana saura sati biyu Sallah suna neman ƙirjin da zai cika shadda, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai abinci, kuma a wajenka ina ga nan ne rabin matsalar take. Kilo 58 bayan wata bakwai yana nufin abin da kake ci bai wuce abin da kake ƙonawa ba. Kowane siriri cewa yake "wallahi ina ci sosai", in ka bi shi yini guda sai ka tarar shayi da burodi da safe, rana ta wuce da ruwan leda da ɗan biskit saboda kasuwa, da daddare ya zauna ya ci tuwo malmala uku ya ce ai ya ci da yawa. Sau ɗaya ya ci.

Jikin mai ɗaga ƙarfe yana son furotin kamar giram 1.6 a kowane kilo na nauyinsa a rana, in an kai 2.2 an kai ƙarshen amfaninsa. Kai kenan wajen giram 93 kake nema, mu ce 90 zuwa 100. Bari mu lissafa da abin da ke bakin layinku. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, uku wajen mai shayi 18 kenan. Dafaffen wake cikin kofi ɗaya yana ba da kusan 13, in ka ci kofi biyu a garau-garau ko fate ka samu 26, amma fa waken ya zama wake, banda irin wanda ake ƙirga ƙwayoyinsa a cikin shinkafa. Kindirmo mai kauri rabin lita wajen 17, shi ma a kula, wani nonon an tsinka shi da ruwa har ya zama farin ruwa kawai. Nama ko kifi ko kaza gasasshe giram 100 yana ba da kusan 25. Ka ga mun kai 86 tun ba mu lissafa abin da ke cikin gero da dawa da burodi ba, su ma suna da nasu kaɗan. Ranar da ba kuɗin nama, awara tana nan, kuma ni a wajena ita ce garin furotin ɗin talaka, waken suya busasshe fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa furotin ne kuma mai inganci. Ga ƙuli-ƙuli, an matse mai an bar furotin, ka daka ka zuba a kwaɗon zogale ko ka riƙa ci a shago, sai dai ka guji wanda ya yi fumfuna ko yake ɗaci. Ga alale, ga ƙosai, ga ɗanwake da ƙwai, ga kifin gwangwani, ga fara ma lokacinta. Hatsi da wake in sun haɗu a yini suna cike wa juna gibi, don haka wanda ya ce sai da nama kullum ake gina jiki bai san abin ba.

Ka raba shi sau uku ko huɗu a yini. Sannan ka ƙara yawan abincin gaba ɗaya, domin furotin ba ya gina komai in jiki na cikin yunwa, ƙona shi zai yi. Hanya mafi sauƙi ga wanda ba ya iya cin da yawa ita ce ya sha, fura da nono da rana, kunun gyaɗa da safe, ayaba, dabino, gyaɗa a aljihu, dankalin Hausa. Ka riƙa hawa sikeli sau ɗaya a sati, da safe kafin ka ci komai, sikeli ɗaya kar ka riƙa canzawa. In kana ƙaruwa da kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a wata kana kan hanya. In sati uku sun wuce allurar sikelin ba ta motsa ba ka ƙara kwano ɗaya. In kuma kana ci da gaske amma kana ramewa, ko akwai tari da ya daɗe, ko zufar dare, ko yawan fitsari da ƙishirwa, wannan ba maganar jim ba ce, asibiti za ka je a duba.

Garin furotin da abokanka ke faɗa ba haram ba ne ba kuma sihiri ba ne, ruwan da ke fita daga madara wajen yin cuku ne aka busar. Cikin cokalin awon da ke zuwa a robarsa ɗaya yana ba da kamar giram 24, daidai da ƙwai huɗu. Ka je ka tambayi kuɗin roba ɗaya ka lissafa kiret nawa na ƙwai zai saya maka, kai da kanka za ka yanke hukunci. Ga jabu ya yi yawa, musamman wanda ake ɗurawa a leda ba suna ba lambar NAFDAC. Wanda ake kira na ƙara ƙiba kuwa yawancinsa sitaci ne da sukari, furarka ta fi shi. Abu ɗaya da bincike ya tabbatar yana taimakawa kuma ba shi da tsada sosai shi ne kiriyatin, wani gari ne shi ma da ake sha, giram 3 zuwa 5 a rana, yana ƙara maka ɗan ƙarfin yin ɗaya ko biyu a zagaye, kuma zai ƙara maka kilo ɗaya ko fiye na ruwa a cikin tsoka da farko. Mai lafiyar ƙoda ba ya cutar da shi. Amma ko shi ka bari sai ka yi wata uku littafinka na tafiya abincinka ya daidaita.

Ƙwaya da allura kuwa, a nan zan ɗaga murya. Iri biyu ne ake sayar wa samari kuma da yawa ba su san bambancinsu ba. Na farko shi ne wanda ake ce wa sha ka fashe, yawanci deksametason ne ake haɗawa da maganin buɗe ciki. Deksa maganin asibiti ne na kumburi da asma da makamantansu, kuma abin haushin shi ne aikinsa a jikin tsoka cinye ta yake yi. Fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, wuya ya yi tozo, hannu da ƙafa su sirance, fata ta yi zane, sukari ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Mutane su ce "kai ka yi ƙiba, hutu ya karɓe ka", alhali ruwa ne da kitse. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kuma kar ya yanke lokaci ɗaya, yana iya faɗuwa, likita ne zai rage masa a hankali.

Na biyu su ne masu gina tsokar da gaske, testosteron na allura, wato sinadarin mazantaka da jikin namiji ke yi da kansa, da 'yan uwansa irin su Dianabol da Deca. Ba zan maka ƙarya ba, suna aiki, shi ya sa ake sha. Yawancin jikin da kake gani a Instagram da TikTok kana cewa me ya sa nawa bai zama haka ba, da su aka gina, Arnold Schwarzenegger ma da bakinsa ya amsa cewa ya yi amfani da su zamanin da yake gasa. Amma ka ji kuɗin da ake biya. Da zarar jiki ya ga an kawo masa daga waje sai ya daina yin nasa, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu har wani ya rasa su gaba ɗaya na tsawon lokaci, nono ya fito wa namiji irin wanda ba ya komawa sai da tiyata, ƙuraje a baya, sanƙo da wuri, hawan jini, zuciya ta yi kauri, ƙwayoyin da ake haɗiya kuma suna dukan hanta. In ka daina, naman ya zube, sha'awa ta mutu, ranka ya ɓaci na watanni. Kai da ko aure ba ka yi ba. Ga allurar ma a kango ake yi wa juna, wani lokaci da sirinji ɗaya, ga ciwon hanta ga ƙanjamau, kuma ba ka san me ke cikin kwalbar ba. Taramol da wasu ke haɗiya wai don kar su ji gajiya shi ko maganarsa ba na so, yana kawo farfaɗiya, ka yi tunanin ta kama mutum yana kwance da kilo 60 a saman wuyansa.

Mu dawo kan kafaɗarka. Ba zan iya gane ainihin abin da ya same ta daga saƙo ba, amma abin da na fi gani ga masu benci kullum shi ne suna buɗe gwiwar hannu ta yi daidai da kafaɗa, suna sauke sanda kusa da wuya, suna buga ta a ƙirji ta yi tsalle. Ka ajiye benci sati biyu, ka ci gaba da ƙafa da ja da duk abin da ba ya tayar da ciwon. In ka dawo ka fara da rabin nauyi, ka matse allon kafaɗunka biyu baya ka danna su a kan benci, gwiwar hannu ta ɗan matso kusa da haƙarƙari, sanda ta sauka daidai ƙasan nono a hankali, babban yatsa ya zagaye sandar kar ka bar shi gefe ɗaya da sauran. Kuma yawan ja ya kai yawan turawa, wannan kaɗai yana gyara kafaɗu da yawa. Kafin ka fara kowace rana ka ɗumama jiki minti biyar zuwa goma, sannan ka yi motsin da ƙaramin nauyi kafin ka hau na gaske, musamman da sanyin hunturu. In ciwon ya wuce sati uku, ko yana tashinka da daddare, ko ka kasa ɗaga hannu sama, ko hannun yana dindiris, ka je Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano ka ga masu gashin ƙashi. Kar ka maida magungunan kashe ciwo irin su diklofenak da ibufurofen abincin kullum don ka samu ka ci gaba, suna cin ciki suna taɓa ƙoda, balle da zafin nan. Tsamin jiki na kwana biyu bayan motsa jiki daban, wannan ba komai, yana raguwa in ka saba. Ciwo mai suka a cikin gaɓa shi ne abin tsoro. Kuma kar ka taɓa yin benci mai nauyi kai kaɗai a kango.

Barci. Na san yadda ake yi, a zauna majalisa wajen mai shayi ko gidan kallon ƙwallo har sha biyu da rabi, a koma gida a riƙe waya har biyu, a tashi Asuba. Ko awa huɗu ba ta cika ba. Jiki na son bakwai zuwa tara, kuma wanda ba ya samu ƙarfinsa ba ya hawa yadda ya kamata, cin abincinsa ma ya lalace. In dare ya gagara saboda zafi da rashin wuta ka rama da ƙailula ko da rabin awa ce.

Daga Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40 a Kano, ka yi da sassafe bayan Asuba ko bayan La'asar sosai, ka riƙe ruwa kana kurɓa, ka duba fitsarinka, in ya yi ja ruwa ya yi maka kaɗan. In kuma bayan wani aiki mai tsanani ka ga ya koma kalar Coke ga tsoka ta kumbura tana ciwo fiye da ƙima, asibiti ranar, tsoka ce ta farfashe tana toshe ƙoda. Masu ɗaura leda a ciki wai tumbi ya narke, ruwa kawai suke zubarwa. Mai sikila ko hawan jini ko wanda ke da ƙaba ya ga likita kafin ya fara. Da azumi kuma ba sai ka daina ba, ka koma yi bayan shan ruwa da awa ɗaya ko biyu ko bayan Tarawi, ka rage zagaye ka bar nauyin yadda yake. An gwada an gani, matashi na iya riƙe naman da ya tara da kashi ɗaya cikin uku na aikin da ya saba in dai bai rage nauyi ba. Sahur ka sa ƙwai ko wake ko nono, kar ya zama shayi kawai.

Tunda na san za a gaya maka a unguwa, ɗaga ƙarfe ba ya hana tsayi, kai ma a 22 ka gama tsayinka. Kuma in ka daina tsoka ba ta komawa kitse, abu biyu ne daban, tsokar ce ke raguwa shi kuma mutum ya ci gaba da cin abincin da ya saba sai teɓa ta fito. Ranar da ba ka samu zuwa kango ba, jarkar 'yan garuwa mai lita 25 kilo 25 ce in ta cika, ka riƙe biyu ka yi tafiya da su a tsakar gida ko ka rungumi ɗaya ka yi sikwat, jakar ruwan leda mai guda ashirin kuma kilo 10 ce.

Yau ka auna nauyinka, ka sa tef ɗin tela ka auna damtse da ƙirji da cinya da ƙugu, ka rubuta a shafin farko da kwanan wata. Bayan sati goma sha biyu ka sake aunawa ka turo min hoton shafukan littafin gaba ɗaya, har ranakun da ka yi fashi, sai mu ga abin da za a ƙara ko a rage. Allah ya ba da lafiyar kafaɗa.